Zaren Gilashi: Yadda Ake Ƙera Rumfar Jirgin Ruwa da Hannu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigin kogi a ƙasar Ajingi cikin watan Agusta ya san irin hidimar da jirgin fito yake yi wa jama'a. Kogin da ya ratsa Wudil ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja, daga bisani ya haɗu da Kogin Jama'are, ruwansu ya gangara Tafkin Chadi. Idan damina ta yi nisa, manomi da ɗan kasuwa da ɗalibi duk sukan dogara ga jirgi kafin su ƙetare. Mafi yawan waɗannan jirage a buɗe suke, rana ta doki fasinja, ruwan sama ya jiƙa kaya. Wasu masu fito sukan kafa sanduna su ɗaura tamfol, amma rana da iska ba sa barin tamfol ya daɗe.

A ƙasashen Turai da Amurka, masu jiragen da iska ke turawa da faffaɗan ƙyalle sun fuskanci wannan matsala. Da yawa daga cikinsu sun cire rumfar ƙyalle, sun ƙera mai tauri da hannunsu a bayan gida, da wani abu da ake kira faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaron roba. Wannan maƙala za ta bayyana abin da faiba yake, da dalilin ƙarfinsa, da yadda ake ƙera rumfar jirgi da shi. Za ta kuma nuna dalilin da ya sa dole rumfar ta zama marar nauyi, domin nauyin da aka ɗora a saman jirgi yana iya zama sanadin asarar rayuka.

Daga Maɗaci Zuwa Gilashi

Sassaƙa jirgi tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani dogon itace a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, aka ga kwale-kwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka sassaƙa daga itacen dangin maɗaci. Awon da aka yi ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, kuma shi ne jirgi mafi tsufa da aka gano a Afirka. Amma manyan itatuwan da suka isa a sassaƙa jirgi sun yi ƙaranci a ƙasar Hausa, katako kuma yana ruɓewa, gara na cin sa. Wannan ne ya sa hankali ya koma ga wasu kayan aiki.

Gilashi kuwa ana samun sa ne daga yashi da farar ƙasa da wasu sinadarai, idan aka narka su a wuta mai tsananin zafi. Masaga na garin Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro da shi. Kowa ya san kwalba da saurin fashewa, to ta yaya abin da ke fashewa zai zama kayan ƙera jirgi?

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna A. A. Griffith ya ba da amsar a sakamakon binciken da ya buga a 1921. Ya gano cewa a jikin kowane gilashi akwai ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Idan aka matsa wa gilashin, sai ƙarfin ya taru a bakin tsaga mafi girma, ta buɗe ta ratsa shi nan take. Ya kuma lura cewa duk lokacin da aka ja gilashi ya ƙara siranta, ƙarfinsa yakan ƙaru, saboda siririn zare ba shi da wurin da babbar tsaga za ta ɓuya. Zaren da ake amfani da shi a aikin faiba bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 1,000 na milimita ba a kauri, wato ya fi gashin kan mutum siranta nesa ba kusa ba. Ana samun sa ne ta hanyar zubo narkakken gilashi ta ƙananan huji masu yawa, a ja shi da sauri, a naɗe.

A 1932 wani ma'aikacin kamfanin Owens-Illinois a Amurka, mai suna Dale Kleist, yana ƙoƙarin manna tubalan gilashi, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashin bisa kuskure, ya watse ya zama zare-zare. Daga nan aka samu hanyar yin sa da yawa, har aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938. Ana danganta jirgin faiba na farko da Ray Greene na birnin Toledo a Jihar Ohio, a 1942. Zuwa 1953 har an fara yin jikin motar Corvette da shi.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Zaren gilashi shi kaɗai ba ya iya tsayawa. Kamar auduga yake, yana jure ja amma ba ya jure turi. Ƙaron roba kuma idan ya daskare shi kaɗai yana da tauri, amma yana tsagewa. Idan aka haɗa su, ƙaron yakan riƙe kowane zare a wurinsa, ya raba nauyi tsakaninsu, ya kare su daga ƙarzuwa. Zaren kuma yakan ɗauki ƙarfin ja, ya tare tsaga kafin ta yi nisa. Idan zare ɗaya ya tsinke, dubban da ke kewaye da shi sai su karɓi aikinsa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maginin gargajiya. Mai kwaɓa ƙasar gini yakan zuba mata ramno, domin ya san ƙasa zalla tana tsagewa idan ta bushe, ciyawar da ke ciki ce ke ɗaure ta. Haka nan ake sa rodi cikin kankare. Masana kimiyya suna kiran irin wannan da haɗaɗɗen abu, wato abu biyu da suka haɗu suka ba da halin da babu ɗayansu da ke da shi.

Ƙaron da aka fi amfani da shi ana kiran sa foliyesta. A cikin gwangwani ruwa ne mai kauri kamar zuma, mai wari mai ƙarfi. Ya ƙunshi dogayen ƙwayoyin sinadari masu kama da igiyoyi, suna iyo cikin wani ruwa da ake kira sitayirin, wanda shi ne mai warin. Idan aka ɗiga masa ruwan daskararwa, wanda ake rubuta sunansa a taƙaice MEKP, sai sitayirin ya shiga ƙulla igiyoyin nan da juna ta kowace fuska, kamar yadda masunci ke ƙulla raga, har duka ya zama dunƙule ɗaya. Wannan canji ba ya komawa baya. Man shanu yana narkewa ya sake daskarewa, amma dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Ƙaron foliyesta irin ƙwai ne. Yayin da yake daskarewa kuma yana fitar da zafi, abin da dole mai aiki ya kula da shi.

Sirrin Tauri Ba Tare da Nauyi Ba

Falle ɗaya na faiba mai kaurin milimita 3 yana da ƙarfi, amma yana lanƙwasa kamar kwali. Ana iya ƙara masa kauri, sai dai nauyi zai ƙaru. Injiniyoyi suna da dabara biyu na kauce wa hakan.

Ta farko ita ce raba fallen biyu a sa wani abu marar nauyi a tsakani. Ƙa'idar ita ce, idan aka ninka kaurin allo sau 2, taurinsa wajen lanƙwasa yakan ninka sau 8, wato 2 × 2 × 2. Dalili kuwa, idan allo ya lanƙwasa, fuskarsa ɗaya ce ke miƙewa, ɗayar tana matsewa, tsakiyarsa ba ta yin wani aiki sosai. Saboda haka ana iya cika tsakiyar da soso mai tauri. Idan aka raba milimita 3 ɗin nan gida biyu, aka manna su a sama da ƙasan soso mai kaurin milimita 10, taurin zai ƙaru kimanin sau 40, alhali nauyin da ya ƙaru kaɗan ne. Karan dawa misali ne: ɓawonsa na waje ne ke da ƙarfi, totuwar ciki tana riƙe da ɓawon ne kurum.

Ta biyu ita ce lanƙwasa rumfar ta yi doro. Ɗalibi na iya gwada wannan da takarda: idan ya riƙe ta a miƙe za ta langaɓe, idan ya ɗan lanƙwasa ta sai ta tsaya, har ta ɗauki fensir. Maginan soro sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa suke yin bakan gizo idan ɗaki ya yi faɗi. Doron yana kuma sa ruwan sama ya gangare.

Kayan Aiki da Lissafinsu

A ɗauki misalin rumfa mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1.5, wato murabba'in mita 4.5. Ana sayar da zaren gilashi a naɗe kamar tabarma, kuma ana bambanta shi da nauyinsa. Wanda aka fi samu shi ne mai giram 300 ko 450 ko 600 a kowane murabba'in mita. Shimfiɗa ɗaya ta mai giram 450 tana ba da kaurin kimanin milimita 1, kuma tana shan ƙaro da ya kai nauyinta sau 2 zuwa 2.5. Idan aka yi shimfiɗa uku, biyu a waje ɗaya a ciki, za a buƙaci zare kimanin kilo 6 da ƙaro kimanin kilo 15. Idan aka haɗa da soso da fentin waje, rumfar za ta kai kilo 27 ko kusa da haka, wato rabin buhun siminti da ɗan ɗoriya. Rumfa mai wannan girma da aka yi da katako mai kaurin santimita 2 za ta haura kilo 50.

Sauran kayan su ne ruwan daskararwa, da farin jelkot wanda shi ne fentin da ke zama fatar waje, da kakin gogewa, da buroshi, da ƙaramar rola ta ƙarfe, da sanfefa, da sirinji na awo, da asiton na wanke kayan aiki. Soson tsakiya dole ya zama irin mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Farin soson nan da ake tallafe rediyo ko talabijin da shi cikin kwali bai dace ba, domin ƙaron foliyesta yana narkar da shi. Idan ba a samu soson da ya dace ba, siririn falankin filawud yana yi, sai dai ya fi nauyi.

Matakan Aiki

Mataki na farko shi ne yin mazubi. Maginiyar tukwane takan kifa tsohuwar tukunya ta ɗora yumɓu a kanta don ta samu siffa. Faiba ma sai an ba shi abin da zai ɗauki siffarsa. Kafinta zai yanka katako huɗu ko biyar masu lanƙwasa iri ɗaya, zurfin lanƙwasar kimanin santimita 10, ya jera su, ya buga siririn falanki mai fuskar fomika a kansu, ya zama kamar faffaɗan kwami. A kewaye sai ya kafa baki mai tsawon santimita 5, wanda zai zama leɓen rumfar. A kife ake ƙera rumfar, abin da aka fara shafawa shi ne zai fuskanci rana. Duk wani ƙarzon da ke jikin mazubi zai fito a jikin rumfa.

Na biyu, a shafa wa mazubin kaki a goge, sau huɗu ko biyar. Wanda ya yi ganganci a nan zai tarar rumfa da mazubi sun zama abu ɗaya.

Na uku, a shafa jelkot mai kaurin kimanin rabin milimita, a bar shi har ya kama, yadda idan aka taɓa zai yi danƙo amma ba zai biyo yatsa ba. Fari ya fi dacewa, domin yana mayar da hasken rana, rumfar ba ta ɗaukar zafi sosai.

Na huɗu, a yayyanka tabarmar zaren tun kafin a buɗe ƙaro. Sannan a auna ƙaro rabin kilo, a ɗiga masa ruwan daskararwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 5 zuwa 10, a gauraya sosai. A shafa ƙaron, a shimfiɗa zaren, a riƙa danna shi da bakin buroshi har farinsa ya ɓace ya zama garai-garai. Sai a bi da rola a kore duk wata iska da ta maƙale, domin kowane kumfa rami ne da tsaga za ta fara daga gare shi. Inda tabarma biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya a kan ɗaya da kimanin santimita 5.

Na biyar, bayan shimfiɗa biyu, a manna soson a kan jiƙaƙƙen ƙaro, a danne shi da ƙananan buhunan yashi har ya kama. A wuraren da ƙafafun rumfa za su zauna, a cire soson a sa guntun filawud, domin soso yana murƙushewa idan aka ɗaure noti a kansa. Daga nan sai shimfiɗa ta ƙarshe, wadda za ta rufe soson ta haɗe da leɓen rumfar.

Na shida, a bar aikin kwana ɗaya, sannan a ɓamɓare shi a hankali da 'yan guntayen katako. A gyara bakin da zarto da sanfefa, a huda wuraren noti, a shafe cikin kowane huji da ƙaro don kada ruwa ya shiga. Ƙaron zai ci gaba da ƙara tauri har mako ɗaya zuwa biyu.

Yanayin ƙasar Kano yana da tasiri a kan wannan aiki. Ƙaron foliyesta ya fi son zafin digiri 18 zuwa 25 a ma'aunin santigireti, inda yakan ba mai aiki kimanin minti 15 zuwa 30 kafin ya kama. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, yana iya daskarewa a cikin kwano kafin a shafa rabinsa. Saboda haka da sassafe ake yin aikin, a inuwa, da ruwan daskararwa kashi 1 cikin 100, kuma kada a rage ƙasa da haka, don kada ƙaron ya ƙi kamawa. Ƙurar hunturu tana ɓata fuskar aiki, laimar damina kuma tana hana zare shan ƙaro yadda ya kamata.

Rumfa da Daidaiton Jirgi

Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyinsa ya tattaru. Idan cibiyar nauyin jirgi tana ƙasa, to ko ya karkata ruwa zai tura shi ya dawo daidai. Idan ta yi sama, ɗan karkata kaɗan ya isa ya kifar da shi. Malami na iya nuna wannan a aji da ƙwarya da daro cike da ruwa. A sa curin yumɓu a gindin ƙwaryar a tura gefenta, za ta yi lilo ta dawo. A soke curin nan a kan tsinke, a kafa shi tsaye a tsakiyar ƙwaryar, a sake turawa, za a ga ta kife. Nauyin bai canza ba, wurin zamansa ne ya canza.

Iska ma tana da nata rabon. Ƙarfin turinta yakan ninka sau 4 idan gudunta ya ninka sau 2. Iska mai gudun kilomita 72 a awa, irin wadda kan zo gaban hadarin farkon damina, tana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kimanin kilo 24. Idan jirgi ya karkata har ta shiga ƙarƙashin rumfar ta bugi faɗinta gaba ɗaya, turin zai haura kilo 100, kuma a can sama yake.

Daga nan ƙa'idodi suka fito. Siririn kwale-kwale na masunci bai dace da rumfa mai tauri ba, sai faffaɗan jirgin fito. Rumfar ta zama gajeriya gwargwadon zaman mutum, gefunanta a buɗe, don iska ta wuce kuma mutane su samu mafita idan hatsari ya auku. Kada a ɗora kaya ko mutum a kanta. Abin da za a iya ɗorawa shi ne ƙaramin farantin sola mai ba da fitila. Kafin a ɗauki fasinja, a gwada jirgin a ruwa marar zurfi da buhunan yashi, a tara su a gefe ɗaya a ga yadda zai karkata. Kuma nauyin rumfa yana cikin lissafin lodi: jirgi mai rumfa ya rage fasinja ɗaya.

Al'ummar Jihar Kano ba ta manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Rahotanni sun danganta hatsarin da yawan lodi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta sha yin kira da a sa rigar kariya, a kuma sauya tsofaffin jiragen katako da na faiba. Sai dai ya kamata a san wani abu. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Faiba mai wannan girma ya kai kilo 1.5, ya fi alminiyam mai 2.7 da ƙarfe mai 7.8 sauƙi, amma ya fi ruwa nauyi. Yawancin katako yana iyo ko da jirgi ya cika da ruwa, faiba zalla kuwa nutsewa yake yi. Don haka ake gina rufaffun akwatuna masu soso a cikin jiragen faiba. Rumfa mai soso a tsakiya ita ma tana iyo, idan soson ya isa.

Kiyaye Lafiya

Ruwan daskararwa yana ƙona fata, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, don haka tabarau da safar hannu wajibi ne. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti. Warin sitayirin yana jawo ciwon kai da jiri, sai a yi aiki inda iska ke kaɗawa. Ƙaro da asiton suna kama wuta, kada a kusance su da taba ko murhu. Ragowar ƙaron da aka gauraya aka bari a kwano tana iya yin zafi har ta yi hayaƙi, a ajiye ta a fili nesa da kaya. Ƙurar gogewa tana sa ƙaiƙayi kuma tana cutar da huhu, a ɗaura takunkumi. Tarkacen faiba ba ya ruɓewa kuma ba ya narkewa, hayaƙinsa guba ne, kada a ƙona shi ko a zuba shi a kogi. Ɗalibai kada su taɓa waɗannan sinadarai sai a gaban malami.

Kammalawa

Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya, su ne suka je Dutsen Dala neman tama. Sun san dutsen da ke da ƙarfe, sun san zafin da zai fitar da shi. Aikin faiba ma awo da lura yake buƙata, kuma ba ya buƙatar injin da ya fi ƙarfin kafinta ko mai gyaran jikin mota. Ƙungiyar kimiyya ta makarantar sakandare a Gaya ko Ajingi na iya farawa da allo biyu masu faɗin tafin hannu, ɗaya zalla ɗaya mai soso a tsakiya, a auna nauyinsu, a ɗora musu duwatsu, a rubuta sakamako. Wanda ya iya wannan zai iya liƙe jirgin da ke yoyo, da tankin ruwa, da kwamin kiwon kifi. Masu neman zurfafa ilimi kuwa, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a Sabuwar Bussa, a bakin Tafkin Kainji.